Kansila Biyu a Gida Ɗaya

Dabarar ta Yaya ce, kuma ya daɗe yana yaba wa kansa a kanta. Shekara tara yana kansilan unguwa, a jam'iyyar da ta riƙe majalisar birnin tun kafin ya yi gemu. Da zaɓe ya ƙarato, ya ji 'yan adawa na laluben wanda za su tsayar ya kara da shi. Yaya ya ce a ransa, wa zai zauna a kawo masa ciwon kai har gida? Ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya shafa wa wannan mai a baki, ya lallaɓa wancan, har aka ba ƙaninsa takarar. Ƙanin nan shi ne Auta, mai walda, mutumin da ko gaisuwa sai ya yi tunani kafin ya amsa.

"Ni, Yaya? Me na sani a siyasa?"

"Abin da ya sa na zaɓe ka ke nan. Sunanka kawai nake so a takarda. Je ka ci gaba da ƙona ƙarfenka."

"To, Yaya," in ji Auta. Tun suna yara amsarsa ke nan.

Ranar da za a rufe karɓar fom, Auta yana can wani gini yana kafa tagogi. Yaya bai ga dalilin kiransa ba. Ya cike fom ɗin da kansa, ya kai layin da doka ta ce ɗan takara ne kaɗai zai sa hannu, ya karkata biro ya zana sunan ƙaninsa.

Abin da Yaya bai lissafa ba shi ne mutane sun gaji. Sun gaji da kwatar da ba a kwashewa, da famfon kasuwa da ya shekara biyu yana tari ba ruwa. Ranar zaɓe ba wanda ya tsaya duba fuska, alamar 'yan adawa kawai aka riƙa dangwala wa yatsa. Cikin kujeru goma sha biyar, sha biyu suka faɗi, majalisar ta koma hannun waɗanda ake yi wa dariya jiya. Auta, wanda ko fosta ɗaya bai liƙa ba, ya kayar da yayansa warwas.

Faɗuwar ba ta ci Yaya kamar abin da ya biyo bayanta ba. Gida ɗaya suke, ƙofa ɗaya. Washegari da safe aka yi sallama.

"Kansila yana ciki?"

"Ga ni nan!" in ji Yaya, ya fito yana gyara hula.

Mai shagon magani ne, wanda Yaya ya taɓa hana a rushe masa rumfa. Mutumin ya sosa ƙeya ya kalli ƙasa.

"Ranka ya daɗe, sabon nake nufi."

Sau uku hakan ta faru a mako guda. Daga nan Yaya ya koyi cije leɓe idan an kira, amma ƙafarsa ba ta daina motsawa ba. Bencin da ya saya da kansa don masu jiransa yana nan a ƙofar gida, cike fal, sai dai yanzu idan ya wuce hannu kawai ake ɗaga masa a zaune. Ya kai kuka wajen mahaifiyarsu, tana tsince shinkafa a tire.

"To mene ne abin ɓata rai?" ta ce. "Kujerar ba ta bar gida ba. Da kai da shi ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne, kuma Yaya ya san sunan abin da ke damunsa. Kishi ne, tsagwaronsa. Yana kishin yadda Auta ke sauraron mutane baki sake, su kuma su ɗauka hikima ce. Ƙofar makarantar unguwa da Yaya ya rubuta wasiƙa uku a kanta ba a gyara ba, Auta ya ja injinsa ya liƙe ta cikin awa biyu. Aka wayi gari ana cewa an samu kansila mai aiki da hannunsa. Yaya ya ji kamar ya haɗiyi garwashi.

Ana cikin haka sakataren jam'iyyar su Yaya ya zo da jaka a hammata, yana bin unguwanni yana neman hujjar zuwa kotu. Suka keɓe shi da Yaya a bayan shagon aski. Yaya bai yi niyyar faɗa ba, ko kuwa dai ya yi, Allah ne masani.

"Sa hannun da ke fom ɗinsa ba nasa ba ne. Nawa ne."

Sakatare ya ajiye jaka. "Ka san sai ka tsaya gaban alƙali ka faɗa da bakinka? Kai ma abin zai shafe ka. Ba kai za a mayar ba, sabon zaɓe za a yi."

"Ya shafe ni ɗin. A fasa kowa ya rasa."

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle wanda aka yi kusa da shagon aski. Bayan kwana biyu, da la'asar, Yaya na zaune a ƙofar gida, sai ga Auta da kayan aikinsa duk baƙin hayaƙi. Ya wuce mutanen da ke jiransa a benci, ya zo ya tsuguna gaban yayansa.

"Yaya, na ji maganar kotu. Don Allah kada ka je, za su tozarta ka, Mama ba za ta iya ɗauka ba. Kai ka ce in tsaya na tsaya. In so kake in sauka, faɗa mini kawai."

Makonni Yaya yana marmarin ganin wannan tsuguno a gaban jama'a. Ya duba fuskar ƙaninsa yana neman tsoro, ko roƙo, ko ɗan ƙwalla. Babu ko ɗaya. Kujerar da ta hana shi sukuni, a wajen Auta ba ta fi aron guduma ba, a karɓa a mayar. Wannan ma ya ƙara masa haushi. Kowa a bencin ya kasa kunne. Da Yaya ya ce "tashi, wasa nake yi", da ya ci girma har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya san da haka.

"To ka sauka," ya ce.

"To, Yaya."

Auta ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya juya ga mutanen. "Ku yi haƙuri, gobe zan kai takardar ajiye aiki. Daga yau duk mai matsala ga Yaya nan, ya fi ni sanin kan abin."

Yaya ya gyara zama, har ya yi gyaran murya. Wata tsohuwa mai sayar da gawayi ce ta fara tashi. Ta ɗaure bakin zanenta, ta wuce ta gabansa kamar ta wuce turke.

"Ɗan nan, tsaya mana," ta ce wa Auta. "Murfin kwatar ƙofata ne ya karye, jikata ta faɗa jiya. Takarda za ta hana ka dubawa?"

"A'a, Baba, mu je in gani."

Sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bi su, mai shagon magani a ƙarshe. Ba wanda ya zagi Yaya, ba wanda ya harare shi. Da ma an yi, da ya samu abin riƙewa. Ya zauna yana kallonsu har suka sha kwana, Auta a tsakiya, kowa na son ya yi magana da shi. Ya laluba zuciyarsa ko kishin ya ragu, ya tarar ko kaɗan bai ragu ba, ga shi kuma babu sauran abin da zai ƙwace.