Shirun da Mushe Ma'azu ya yanke

Shekara talatin da takwas Mushe Ma'azu, wato Malam Ma'azu, ya yi yana koyar da kiɗa a lakwal, makarantar boko, a Tawa, kuma gogensa ya kai shi manyan zauruka a Yamai da Turai. Duk inda ya zauna, da kiɗi ɗaya yake rufewa, Kukan Rumbu, wanda ya ɗauka a kasat daga hannun wani tsoho, Illa mai goge, a Barmu, tun yana sabon malami.

Tsohon ya tsaya sau bakwai a cikin kiɗin, kowane karo ya yi shiru mai tsawo. Ma'azu ya ɗauka gajiyar tsufa ce. Da ya koma gida ya sa reza ya yanke wuraren shirun daga zaren kasat, ya liƙe, ya share guntayen ya zubar. Inda haɗin bai zauna ba ya gyara da hannunsa, sannan ya rubuta a littafi. Haka ya koya wa ɗaruruwan ɗalibai.

Bana, da ya ajiye aiki, aka shirya masa taron ban kwana. Kafin ranar ya shiga motar Barmu don ya gayyaci Raƙiya, ɗiyar Illa, wadda ita kaɗai ta rage a gidan. Ya same ta a inuwar zana tana ɓarar wake, idanunta sun yi fari.

"Inna, kiɗin babanki na kawo miki."

"To, Mushe, ja mu ji."

Ya shafa ƙaro a izgar jan gogen, ya ja daga farko har ƙarshe. Hannunta bai daina ɓarar wake ba.

"Hannunka na da daɗi," in ji ta. "Amma wanga na wa ne?"

"Na Baba Illa. Kukan Rumbu."

"A'a. Wanga shi ne samari ke sawa a waya ranar biki, 'yan mata na girgiza. Ina wurin sunaye?"

"Waɗanne sunaye, Inna?"

Ta ajiye ƙwaryar. Ta ce a zamanin kakanta an yi wata yunwa, mutum bakwai na gidansu suka fita neman hatsi kudu, babu wanda ya dawo, babu kabarin da za a nuna. Shi ya sa duk shekara, ranar da za a buɗe rumbu, mai goge kan ja kiɗin nan, ya tsaya sau bakwai. In ya tsaya, matan gida su kira suna ɗaya, a ce Allah ya jiƙansa, sannan ya ci gaba.

"Ranar da kuka zo da na'urarku mun tahi rijiya. Baba ko ba shi iya wuce wurin, ko babu mai kira."

Ma'azu ya sake ɗaukar gogen. "Inna, zan sake ja. Inda ya kamata in tsaya, ɗaga hannu."

Ya ja a hankali. Can ta ɗaga hannu, ya tsaya.

"Talle," ta ce. "Allah shi jiƙanai."

Ya ci gaba, ta girgiza kai. "Ba haka Baba ke komawa ba. Shina sauka ƙasa-ƙasa, kamar mai shiga ɗaki da sanda."

"Rera mini."

"Ni? Muryata ta bi haƙorana. Kuma ni mai kira ce, ban taɓa riƙe izga ba."

Sun kai la'asar suna gwadawa. Wuri uku ta gane. Sauran huɗun gyaransa ya shafe su, har ta kasa jin inda suke. Sunayen ma biyar ta tuna. Da ya ambaci taron, ta ce ƙafafunta ba za su kai ta Tawa ba.

Ranar Asabar da hantsi zauren ya cika da tsofaffin ɗalibansa. Muktari, wanda ya gaje shi a lakwal, ya zauna a damansa da nasa gogen. Ma'azu ya yi niyyar yin bayani tukuna, amma mai gabatarwa ya riga ya sanar cewa ga kiɗin da Mushe ya ceto daga ɓata, tafi kuma ya rufe muryarsa. Sai ya fara ja.

Da ya iso wuri na farko ya ɗaga izga. Ya buɗe baki zai ce Talle, amma bai kai ga faɗa ba. A layin gaba wata mata ta ce, "Wayyo, tsufa. Ya manta."

Muktari ya dubi malaminsa da tausayi. Ya ɗora izgarsa a hankali, ya cike gurbin, daidai yadda aka koya masa, ko kuskure ɗaya babu.