Abin da Ya Toshe Motar Orval

Ranar Asabar maƙwabcina Orval Tackett ya kira ni, wai jar motarsa ta 1969 ta ƙi tashi. Tsohon nan ya fi son motar a kan 'ya'yansa, ba sharri nake masa ba, su ma sun sani. Silinda takwas gare ta, in ta yi gurnani duk unguwarmu sai ta san Orval ya fito.

Na same shi a gareji, riga a baibai. Ya kira ni da sunan babana da ya daɗe da rasuwa. Na amsa kawai.

Na ɗiga fetur a kafireta, motar ta tashi, ta mutu. Wuta lafiya ke nan, mai ne ba ya isowa. Filta tas take. Na zargi famfon mai, na tsoma masa tiyo a galan, ya zuƙa kamar ɗan maraƙi. Saura tanki. Na shige ƙarƙashin motar ina tsine wa tsatsa da gwiwoyina, na zare tiyon. Ba tsatsa ba ce. Ɓarin maƙalin shanyar tufafi ne na katako, an fiƙe shi an cusa cikin tiyon.

Orval ya shiga gida neman hularsa, sai ga matarsa Maxine ta durƙusa kusa da taya.

"Ka gani ko, Dewey?"

Ta ce ita ta cusa katakon. Watan jiya 'yan sanda suka tare Orval a babban titi yana gudu a hannun da ba nasa ba, bai ma san garin da yake ba. Da ta ɓoye makulli ya ɗaga mata hannu, mutumin da bai taɓa yi mata ko tsawa ba. Amma in mota ta lalace yana haƙura, don ya san halin mota.

"Mayar da shi," ta ce. "Don Allah."

Tunda nake kanikanci ban taɓa sa wa mota ciwo ba. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga. Na mayar da katakon, na ɗaure tiyon tamau.

"Ka gano, ko kai ma ɗan koyo ne?" in ji Orval.

Na ce famfo ne, sai an yi odar sabo. Ya shafa bonet, ya ce ba komai, ta saba jira.

Asabar ta zagayo ya sake kira na, cike da mamaki, wai yau motarsa ta ƙi tashi, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ɗauki akwatin kayan aikina na tafi.