Ba a Tsallake Aya

Ni ce Remigia, matar marigayi Casimiro mai jita. Ban yi makaranta ba, kuma ban iya kewaye-kewaye ba. Nahún, ɗan ƙanena, ya yanke ayoyi daga waƙar mijina, ni kuwa na ce sai an mayar da su.

Bari in faro daga inda 'Yan Zabura, mawaƙan cocinmu, suka faro, tunda yanzu kowa yana ba da tarihinsu yadda ya ga dama. A gindin murhuna aka fara. A lokacin fada, wato limamin coci, ba ya hawowa ƙauyenmu sai hanya ta bushe, masu iya karatu kuma ba su da yawa. Casimiro yana cikinsu. Da safe ina tafa wainar masara, shi yana zaune da Littafi Mai Tsarki a cinya, sai ya karanta aya ɗaya. In maimaita, in sake maimaitawa, hannuwana suna aikinsu, har kalmomin su sami wurin zama a cikin tafin. Idan sun zauna, ya ɗauki jita ya biyo ni. Daga baya abokinsa Tiburcio ya shigo da babbar jitarsa, wani ya kawo caki. Ran Lahadi mu rera, jama'a su amsa, har ta zauna a bakinsu. Wanda bai san baƙi ba ya tafi gonar kofi da zaburarsa a ka.

Doka biyu Casimiro ya kafa. Ba a tsallake aya, mai daɗi ce ko mai ɗaci, don ba mu muka rubuta ba. Kuma jita ba ta ɗaga murya sama da ta mutane.

Shekarar da muka share gangaren dutse muka shuka wake, Don Evaristo mai gonakin kofi ya ce ƙasar tasa ce. Casimiro ne ya yi magana a madadin kowa. An tsinci gawarsa a rafi, jitarsa a fashe a gefen hanya. Kowa ya san mutanen wa ne suka tare shi. Na sauka gari wurin hukuma, aka nuna mini benci, na zauna har aka rufe ofis. Daga baya suka ce santsi ne ya kwashe shi.

Sai na ce wa Tiburcio ya nemo mini zaburar da mutum yake kai ƙara gaban Allah. Da yatsa yake bin karatu, amma ya samo. Farkonta roƙo ne, ƙarshenta kwanciyar rai. A tsakiya kuwa mai addu'ar yana jera abin da masu ƙarfi suka yi wa marasa ƙarfi, yana neman a saka masa. Na sa mata murya ina tafa wainar da babu mai ci. Ba mu ƙara kalma ba, ba mu rage ba. Mutane suka riƙa kiranta waƙar Casimiro. Don Evaristo bai taɓa taka cocinmu ba, kuma a kan gadonsa ya mutu da furfurarsa.

Bana aka ce za a yi bikin tunawa da kafa 'Yan Zabura. Nahún ne shugabansu yanzu. Ina wucewa ta bayan coci da dammin itace na ji suna gwaji. Suka yi farkon waƙar, sai na ji sun dira a ƙarshe. Na yar da itacen na shiga.

"Kai Nahún, jitar ce ta yi tuntuɓe ko kai?"

"Gwaggo, sannu da zuwa. Taƙaita ta muka yi, ta yi tsawo."

"Ai kai ma ka yi tsawo, amma ba wanda ya cire maka tsakiya."

'Yan matan da ke amshi suka fashe da dariya. Nahún ya ja ni gefe, ya sassauta murya.

"Gwaggo, Don Lisandro, ɗan Don Evaristo, zai zo. Shi ya yi wa cocin nan rufi. Yana yaro lokacin da abin ya faru. Mu zaunar da shi a gaba mu zagi ubansa?"

"Wa ya kira ubansa? Akwai sunansa a cikin Littafi?"

"Kin san abin da nake nufi. Yanzu ana zaman lafiya."

Na juya wurin Tiburcio, wanda ya sunkuyar da kai kamar bai taɓa ganin tsarkiyar jita ba.

"Har da kai, tsohon banza? Kai fa ka karanta mini ita."

"Remigia, na tsufa. Abin da aka ce in kaɗa shi nake kaɗawa."

Na je wurin fada, wani matashi mai sanyin magana. Ya ce in yafe. Na ce masa yafiya tsakanina da Allah ce, aya kuwa ba tawa ba ce balle in yafe ta.

Kwanakin nan na yi tunani ƙwarai. Nahún ba mugu ba ne, a hannuna ya girma. Kuma gaskiya ya faɗa, Lisandro bai kashe kowa ba. Na tambayi kaina abin da nake nema. Ba ƙasar nake so ba, ƙafata ba ta hawa gangare yanzu. Wanda za a ɗaure kuma ya daɗe a ƙasa. Abin da ya rage mini wuri ɗaya ne a duniya da ake faɗa a fili cewa an yi abin nan. Idan aka cire tsakiyar waƙar, to hukuma ta yi gaskiya, Casimiro santsi ne ya kwashe shi.

Don haka na ƙudurta zan miƙe in rera ayoyin ni kaɗai, ko da za a fitar da ni.

Ran bikin coci ya cika har waje. Nahún ya sanar cewa don girmama waɗanda suka fara, yau babu lasifika, babu lantarki, yadda aka fara haka za a yi. Shawararsa ce, kuma ya ji daɗinta. Don Lisandro yana bencin gaba, hularsa a gwiwa.

Aka zo waƙar Casimiro. Da aka kai wurin, na buɗe baki. Ko uffan ban iya ba. Jitoci suka tsallaka zuwa ƙarshe.

Jama'a ba su tsallaka ba. Ba zan ce jarumta ba ce, don yawancinsu ba su ma san an yanke komai ba. Baki ne ya bi hanyar da ya saba, tsofaffin mata a bayana, masu tsinkar kofi a bakin ƙofa, har yara. Nahún ya ƙara ƙarfin kiɗa don ya jawo su. Ina jita ɗaya za ta danne coci guda? Sai na ji babbar jitar Tiburcio ta koma bayan mutane. Nahún ya dubi inda nake, gumi yana zuba, ya bi su.

Na leƙa bencin gaba don in ga fuskar Lisandro. Idonsa a rufe, yana rera kowace kalma, har yana gyaɗa kai.

Bayan an tashi ana rabon kofi, ya zo inda nake.

"Doña Remigia, an ce ke kika sa wa waƙar nan murya. Matar da ta raine ni tana rera mini ita a bakin murhunmu. Ita na fi so."

"Ka san dalilin da aka yi ta?"

"A'a."

Nahún ya riƙe mini hannun riga. "Gwaggo, don Allah."

"Sake ni, ɗan nan. Ba a tsallake aya."

Na gaya masa duka, gangaren, waken, jitar a gefen hanya, da sunan ubansa. Ban ɗaga murya ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya tsaya da kofi a hannu har kofin ya huce. Bai musa ba, bai ce in yi haƙuri ba.

Ya ce, "Wane rafi?"

Washegari na kai shi. Ya cire hula ya daɗe yana kallon ruwan, ni kuma ina zaune a kan dutse ina hutar da ƙafata. Ban san abin da zai yi da shi ba. Ban ce na huce ba. Amma da can ni kaɗai nake zuwa wurin nan.

Nahún kuwa bai yi mini magana ba sai Lahadi ta zagayo. Ya leƙo ina tafa waina, ya zauna bakin murhu da jitarsa, ya ce yatsunsa sun manta yadda ake shiga tsakiyar. Na ce ya ci wake tukuna, sannan mu faro daga farko.