Toka a Kan Injin

Kowace safiya, kafin ya sha koko, Sama'ilu sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurarsa. Kullum abu ɗaya yake tararwa: baƙin mai ya ɗiga a yashi, faɗin faifai.

Da bazara ce da bai damu ba. Amma ga damina ta nutsa, hanyar Minjibir ta zama taɓo, kuma duk ƙauyen motarsa ce kaɗai mai jan ƙafa huɗu da ke iya ratsawa. Ga 'yarsa Maimunat ta dawo gida goyon ciki, watanta ya tsaya. Ungozomar asibiti ta ce jininta ya hau, kada a kuskura ta haihu a gida. Idan injin ya ƙone a tsakiyar fadama fa? Tunanin nan ya hana shi jin daɗin tuwo.

Sau biyu yana sa a canza gasket ɗin ƙasa, robar da ke hana mai zuba. Zubar ba ta daina ba. Shi kuwa kullum sai ya zaro sandar awon mai, ya ga ta yi ƙasa, ya ƙara.

Ranar Talata ya aika aka kira Ikrima, bakaniken da ke gyaran injinan ban-ruwa. Ikrima ya zo a babur, ya tarar da motar a gangaren ƙofar gida, an tare tayarta da dutse.

"Baba, nan take kwana?"

"Batir ɗin ya mutu. In na cire dutsen sai ta gangara, ta tashi da kanta."

Ikrima ya janye dutsen. Suka gangarar da ita fili ƙarƙashin tsamiya. Ya wanke injin tas da kananzir, ya bari ya bushe, sannan ya ce a roƙo masa toka wajen Inna, tankaɗaɗɗiya.

Aina'u, matar Sama'ilu, ta miƙo kwanon daga zaure tana cewa, "Gyaran mota ne ko miyar kuka za ku kaɗa?"

"Inna, in ta yi daɗi za mu sam miki."

Ya barbaɗe injin har ya yi fari, aka tura motar ta tashi, suka tsuguna suna kallo. Can sai tokar ta fara yin baƙi a gefen murfin sama. Sai kuma a bakin sandar awo. Sai a gaba, wajen bel.

"Wuri uku," in ji Sama'ilu, muryarsa a sanyaye. "Ta gama yawo ke nan."

Ikrima ya kashe motar, ya jira mai ya kwanta, ya zaro sandar ya nuna masa. Man ya wuce alama da yatsa uku.

"Baba, a gangare kake aunawa. Mai ya taru gefe guda, sanda ta ce maka babu, kai kuma ka ɗura. Injin ya ƙoshi har ya rasa inda zai kai, shi ne yake amayarwa ta ko'ina."

Sama'ilu ya zauna a kan saiwar tsamiya, ya daɗe yana kallon hannuwansa. Wata biyu yana fama, ashe da hannunsa yake yi.

Ikrima ya rage man a tsohon galan, ya canza robar murfin sama da ta riga ta saki, ya sake barbaɗa toka, aka kuma tayar da motar. Tokar ta zauna fara.

"Daga yau a fili za ta kwana."

"To wa zai tura?"

"Baba, wannan kuma ba aikin bakanike ba ne."

Da yamma Sama'ilu ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, shi da bai saba roƙo ba. Mutum huɗu suka ce ko suna gona a kira su.

Ranar Asabar da hantsi naƙuda ta tashi. Maƙwabtan suka zo da fartanya a kafaɗa, suka tura har sau uku kafin motar ta yi tari ta kama. A fadama ta yi ta kuka, taɓo na watsuwa, Aina'u na riƙe da Maimunat tana salati. Suka fita daga taɓon, suka isa asibiti.

Da aka shiga da ita ɗakin haihuwa, aka ce maza su tsaya waje. Sama'ilu ya rasa abin yi. Ya koma wajen motar, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya leƙa. Yashin a bushe yake. Ya jingina da tayar, ya zauna jira.