A Dawowa Za Mu Tsaya

"Luba, ce ma mai mota shi tsaya nan."

Inna Gudiya ce ta faɗa, tana taɓa gwiwata da yatsunta masu sanyi. Mai motar da take nufi ɗanta ne na cikinta, Waliyyu, ga ƙeyarsa nan dab da bakinta. Amma ɗan fari ne, Inna kuwa irin mutanen da ce: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, magana ma sai ta biyo ta bakin wani. Shi ya sa aka ɗauko ni, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba mu a Jega.

"Waliyyu, Inna ta ce ka tsaya."

"Na ji, Goggo Luba. A dawowa za mu tsaya. Likita ya ce kada rana ta same ta bisa hanya."

Ta hannun hagu ga rugar su Sumayya, wata Bafulatana da Inna ke sauka wurinta. Matar na tsaye bakin titi da ƙwarya a ka. Tana ganin farar mota ta sauke ƙwaryar, ta fara takowa tana murmushi. Ni kuwa, Allah Ya shirye ni, ranar ce farkon shigata ƙaramar mota. Na sha sabon kallabi, iska na kaɗa ni, kaina ya kumbura. Sai kawai na zura hannu ta taga na ɗaga mata kamar matar Kantoma. Muka wuce fuu, muka bar ta da baki buɗe.

Wanda bai san Inna ba zai ce mene ne abin damuwa don an wuce ruga. To bari in faɗa. Duk shekara in an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, Inna takan cika kwando da daddawarta ta kama hanyar Maiyama, garin da aka haife ta, a ƙasa. Tafiyar da mota ke yi kafin a gama tuƙin tuwo, ita sai wata ya kusa ƙarewa ba ta isa ba. Ta ratse Kimba ta kwana, ta shiga wannan ruga ta taya su burka nono, ta sauka wancan ƙauye ta tarar ana suna ta zauna sai an watse. Mu matan unguwa tsiya muke mata.

"Inna, wai Makka za ki ne a ƙasa? Ga motoci nan birjik a tasha."

"Ku tahi ku shiga abinku," in ji ta. "Ni garin da ban kwana ba, ban taya su surfe ba, ba ni cewa na je shi."

Takan dawo da kaushi a dugadugai, da man shanu, da Fulatanci a baki, da labarin wa ya haihu wa ya rasu tun daga nan har bakin gulbi. Mu yi ta dariya, amma mu muka fi kowa cin moriyar ƙafarta. Shekarar da bijimin maigidana ya ɓace, saƙo kawai ta aika, sai ga Fulani sun koro shi har ƙofar gida.

A wannan shekarar ƙafar ta gaza. Ta kumbura suntum, numfashi kuma sai ta zauna take samunsa. Ta kira ni ta ce tana son ganin gida, kuma tana son ta bi masu masaukinta ɗaya bayan ɗaya ta nemi gafararsu, don ta ji a jikinta ba za ta ƙara bin hanyar nan ba. Ba a daɗe da ba mu jiha ba lokacin, an maido Waliyyu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Can Sakkwaton ya girma, wurin wan babansa, bai taɓa bin uwarsa yawo ba. Da ya ji wai a kan jaki take shirin tafiya, hawaye ya yi, ya je ya aro motar ofishinsu bisa alƙawarin zai maido ta kafin azahar. Inna kuma tuni ta aika ta bakin matan kasuwa, yadda ta saba, cewa ranar Talata tana tafe. Na faɗa masa akwai wuraren tsayawa. Ya ce "to", irin "to" ɗin da ake ce wa yaro.

Bayan ruga sai wata tsamiya ta ɓullo can gaba. Inna ta gyara zama, ta jawo ƙunshinta kan cinya. Ƙauyen Iklima ke nan, ƙawarta tun suna 'yan mata, ƙawancen da aka ƙulla da goro a gaban iyaye.

"Luba," ta ce. "Nan kam."

Tun daga nesa na hangi tabarmi shimfiɗe gindin tsamiyar, mata zazzaune, hayaƙi na tashi bayan darni. Wata 'yar tsohuwa da sanda ta fito har kan kwalta tana kare rana da hannu.

"Waliyyu, tsaya! Ga Iklima can!"

Shi tsohuwa kawai ya gani za ta shiga gaban mota. Ya danna oda, mai ƙarfi. Iklima ta zabura ta ja da baya, takalminta ɗaya ya fita ya tsaya kan titi.

"Kai!" na daka masa tsawa. "Kurma ne kai ko mahaukaci? Ƙawar uwarka ka yi wa oda kamar akuya?"

Ya rage gudu. Na ga idonsa a madubi, ya dubi agogo, ya dubi uwarsa.

"Goggo, ki saurari numfashinta mana. In munka sauka nan sai la'asar ba su sake mu ba. Wallahi ran Asabar zan dawo in ɗauke ku, duk inda take so mu tsaya."

Ban iya ce masa ƙarya yake ba, don ƙirjin Inna har fito yake yi. Na juya in ji ta bakinta, sai na ga ta jawo mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta sunkuya har goshinta na taɓa ƙunshin. Uwa ce, kalma ɗaya za ta faɗa masa kai tsaye ya taka birki. Ba ta iya ba.

"Bar shi, Luba," ta ce daga cikin mayafin. "An riga an wuce."

A haka ta shiga Maiyama, fuska a rufe.

Mun sauka gidan ƙanenta Sabi'u. Waliyyu ya kama ta har ɗaki, ya durƙusa ya yi mata sallama, ta amsa wa bango, ya juya da motarsa. Matar Sabi'u ta kawo tuwon gero da miyar kuka ta sha man shanu. Inna ta dubi kwanon ta kau da kai.

"Wancan da anka dafa mani can, wa za ya ci shi?"

"Haba Inna, su ci abinsu mana. Ci ki sha magani."

"Iklima kaza guda gare ta. Na san ita ta yanka."

Sai na ɗauko ƙarya. Na ce ai motoci farare sun yi yawa yanzu tun da aka yi jiha, ƙila ma ba su gane mu ba ne. Ta ɗago ta dube ni, har da ɗan murmushi.

"Ke da kika ɗaga masu hannu?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fita tsakar gida na tsuguna bayan rumbu, na ciro kallabin nan na cusa shi cikin zane, ban sake ɗaura shi ba.

Kwanakin da suka biyo ruwa kawai take kurɓa. Ba ciwon ne ke cin ta ba kamar abin da za a faɗa. Jefi-jefi takan ce, "Za su ce ɗanta ya samu mota, ta daina ganin mutane." Ko ta ce, "Gidan da na haihu a cikinshi bisa hanya, Luba. Iklima ta yanke ma autana cibiya." Na roƙi Sabi'u ya aika mutum ya ba su haƙuri. Inna ta hana. Ta ce neman gafara ba a aika shi, da ƙafa ake kai shi, a jira Asabar.

Ranar Juma'a da yamma ta sa na kwance ƙunshin. Irin albasar Aliero ne ƙulle a tsumma, na mijin Iklima. Daddawa manya-manya da kanwa, na Sumayya. Sai wani zanen saƙi baƙi, wanda ta ɗaura ranar aurenta, ta ce wannan hannun Iklima za a sa shi. Ta sa na maimaita mata har ta tabbata ban rikita ba.

"Kuma kada ki ƙara yi mishi faɗa," ta ce. "Alheri ya nufa. Bai san hanya ba, ni ce ban nuna mishi ba."

Asabar da hantsi ina shafa mata man zafi a ƙafa, muka ji ƙugin mota a waje. Ta buɗe ido.

"Ya zo?"

"Ya zo, Inna. Yau kam sai gindin tsamiya."

Ta laluɓo mayafinta tana son yafawa. Hannun ya kai kafaɗa ya tsaya. Na kira ta, na sake kira, na fara laƙƙana mata kalmar shahada, leɓɓanta na bi. Waliyyu ya yi sallama bakin ƙofa da ledar lemo a hannu, fuskarsa a sake, yana cewa yau motar tamu ce har dare. Ya ga fuskata, ledar ta faɗi.

Bayan azahar aka kai ta, kusa da iyayenta. Da la'asar dole muka juya, don can Jega ba wanda ya sani, kuma can za a yi zaman makoki. Na zauna baya inda muka zauna da ita, ƙunshin na kan cinyata. Waliyyu tuƙi yake a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Can sai ga tsamiyar ta ɓullo. Na so a ce akwai wata hanyar.

Tabarma ɗaya ce yanzu a gindin itacen, Iklima na zaune a kai ita kaɗai. Tana ganin motar ta dogara sandarta ta miƙe, amma ba ta hau kwalta ba, ta tsaya can gefe cikin ciyawa. Waliyyu ya sauka daga titi ya kashe mota. Sai ta juya wajen gidaje ta ɗaga murya.

"Ku fito! Ba na faɗa maku ba? Na ce a dawowa za ta tsaya! Gudiya ce za ta wuce ƙofata? Ku fito ku ji kunya!"

Mata suka fara fitowa daga bayan darni, wasu da guɗa. Iklima ta tako da sauri har tana tuntuɓe, ta dafa ƙofar baya, ta leƙo tana dariya, tana shirin zagin ƙawarta. Ta dube ni. Ta dubi wurin da ke kusa da ni. Ta dubi ƙunshin.



Waliyyu ya zagayo, ya cire takalmansa nan kan tsakuwa, ya durƙusa gabanta da manyan kayansa. Ko sunanta sai da ya dube ni na raɗa masa.

"Inna Iklima, ni na hana ta tsayawa. Ta ce a tsaya, ni na ƙi. Allah Ya yi mata rasuwa yau da hantsi."

Guɗar ta yanke. Wata ta fara salati. Iklima ta daɗe tana kallon kansa.

"Kai ne wanda ba a faɗin sunanshi," ta ce a hankali. "Kai ne ba ka cin miyar kuka. Kuɓewa na sa anka kaɗa ran Talata, don ta ce da kai za ta zo."

Ya kifa kai a ƙasa yana kuka kamar yaro. Ni ma ban iya ɗaga ido ba. Na kwance ƙunshin na miƙa mata zanen, na ce Inna ta so ta nemi gafararta da bakinta. Ta karɓa, ta shinshina shi, ta ɗora a kafaɗa.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Ba a tsugunna ma mutum bisa titi. Ku zo ku sha ruwa, sannan ku isa ma Sumayya, ita ma kullum tana bakin hanya."

Muka zauna kan tabarmar. Aka kawo fura a ƙwarya, an rufe da faifai, da ludayi uku a kai. Waliyyu ya ɗauki ɗaya, na ɗauki ɗaya. Wata babbar motar albasa ta wuce da gudu, iskarta ta kakkaɓo ganyen tsamiya a kanmu. Iklima ta miƙa hannu ta tsince ganyen daga cikin ludayin da ya rage, ta gyara masa zama a kan faifan.