Baba Ya Sa wa Birki Mai

Tun da Baba, surukin Dogo, ya dawo gidansu da zama, babu abin da ya sake yin ƙara a gidan. Tsohon tela ne, ido ya yi rauni ya bar ɗinki, amma bai rabu da 'yar kwalbar man keken ɗinkinsa mai dogon baki ba. Ƙofar banɗaki ta sha, fanka ta sha, har almakashin kicin bai tsira ba. Baba ba ya son a ciyar da shi a banza, kuma wannan hali ne mai kyau.

Keken Dogo irin mai birkin faifai ne, wato faifan ƙarfe a tsakiyar taya wanda birki ke damƙewa. A kansa yake kai 'yarsa makaranta, sannan ya wuce gidan burodin da yake aiki. Hanyar gangare ce, ƙarshenta mahaɗar titi inda motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa.

Wata safiya suna tsakiyar gangaren ya matse birki, keke ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba da shi ake ba. Da tafin takalmi ya tsayar da su, dab da titin. Yarinyar tana ta dariya, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Ya shafa faifan, yatsansa ya fito yana ƙyalli. Gaba da baya duk an yi musu wanka da mai.

Da yamma ya faɗa wa matarsa. Ta roƙe shi ya yi shiru, ta ce ya san halin Baba, in ransa ya sosu sai ya ɗaure kayansa ya ce ya zama nauyi. Ita za ta ɓoye kwalbar. Dogo ya ce in an ɓoye zai sayo wata, kuma gobe ma yarinyar ce a baya. Gaskiyarsa. Shirun da mutane ke kira ladabi, sau da yawa tsoro ne kawai.

Ranar hutu ya kwance tayoyin a tsakar gida, ya zaro takalman birkin, 'yan ƙarafa huɗu da ba su fi faɗin babban yatsa ba. Ya goge faifan da sifirit har tsumma ya daina baƙi. Sannan ya kunna risho, ya kama takalmi ɗaya da filaya ya kara a wuta. Man ya tsattsafo yana hayaƙi.

Baba ya jawo kujera, ya shaƙi hayaƙin, ya ce ai wannan mansa ne, me ya sa ake ƙona shi? Ya ji keken yana kuka kullum da safe, shi ya sa ya ɗiga masa, kuma bai yi rowa ba.

Dogo ya sauke filayar. Bai ɗaga kai ba, amma bai yi kwana-kwana ba.

"Baba, komai na keke yana son mai, ban da nan. Shi da kaushi yake kamawa. Shekaranjiya da jikarka a baya na matse bai kama ba, saura kaɗan mu faɗa titi."

Matar tana bakin kicin da ludayi a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya. Baba ya tambaya ko yarinyar ta ji ciwo. Aka ce ko ƙwarzane.

Dogo ya shimfiɗa samfefa a kan wani guntun gilashi ya fara goga takalmin, don a cire fuskar da ta sha mai. Bai yi nisa ba tsohon ya miƙo hannu.

"Kawo nan, ɗan nan. Ka danne gefe ɗaya, zai karkace. Hannunka na kwaɓa fulawa ne."

Haka Baba ya goge su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana shafawa da yatsa tunda ido ba ya gani sosai, har baƙin santsin ya tafi, fuska mai kaushi ta fito. Dogo ya ce in bai kama ba sai a sayi sababbi, ba a wasa da birki. Baba ya ce ya ji.

Da aka mayar da komai, Dogo ya ce zai je ya yi ta hawa da sauka yana matsawa har su zauna. Ya yi hakan shi kaɗai, ya dawo ya ce ya kama. Baba ya miƙe ya gyara hula.

"Ba za a ɗora mini jika ba sai an ɗora ni."

Matar ta ce haba Baba, da girmanka? Ya ce ta koma ga tukunyarta. Ya haye baya ya ƙanƙame kafaɗun surukinsa, ƙafafunsa a tattale, maƙwabta suna leƙe. Suka gangara. Tun da sauran nisa Dogo ya matse, keken ya tsaya cak, har kan tsohon ya bugi bayansa.

Baba ya sauko yana mulmula goshi, ya ce to, gobe a kai ta makaranta. Suka turo keken suka hauro tare, Baba yana yi masa faɗa a kan tayar baya da ba ta da iska.