Inda Idona Ya Tsaya

Ku yi haƙuri da ni tun daga farko. Ban taɓa nuna wa kowa rubutuna ba, karatu na fi iyawa, kuma na san a dandalin nan akwai waɗanda suka fara rubutu tun ban san harafi ba. Na kuma san ba irin wannan ake kawowa ba. Labarin Mai Fito aka ce a kawo, shi ma yana nan na rubuta na ajiye, amma wannan ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Idan Mai Gadi, mai kula da dandalin, ya ga bai dace ba ya goge, ba zan ce komai ba.

Saboda wanda zai faɗo nan bai san kanmu ba, bari in yi bayani kaɗan. Akwai wasu littattafai da muke so, na wata mata, Mai Fito, da ta tsufa tana tuƙa jirgin fito a wani babban kogi. Marubucin ya bar ta a tsakiyar ruwa a littafi na ƙarshe, hadari ya haɗo, bai sake rubuta komai ba. Mu da abin ya dame mu sai muka taru a wannan dandali na intanet, wasu suna rubuta yadda ta kai gaɓa, wasu suna zana ta. Kowa da sunan aro. Ni da aka ce in zaɓi suna, na daɗe ina kallon wurin da ake rubutawa, na rasa abin cewa, sai na sa Baƙuwa.

Kwamfutarmu ɗaya ce a gida. Tana kan ƙaramin tebur a falo, tsakanin firij da keken ɗinkin Umma, shi ya sa kullum akwai guntun zare a tsakanin madannanta. Wata rana ina neman wani abu na makaranta, na buga haruffa biyu, sai adireshin dandalin nan ya fito da kansa. Ban tsaya na tambayi kaina wa ya taɓa shiga ba. Na ga hoton jirgi kawai, na shiga.

Kun san ƙa'idar, amma ni a lokacin ban sani ba. Ina yin rajista saƙon Mai Gadi ya zo, wato wanda ke kula da masu shigowa. Ya ce a nan ba a ajiye aiki sai an ɗauki na wani an duba. Kuma ba a cewa “ya yi kyau” a wuce. Dole ka faɗi inda idonka ya tsaya, wato daidai wurin da ka daina yarda da aikin, ka kuma faɗi dalili. Sabon shiga ba ya zaɓa, aikin da ya fi daɗewa yana jira shi ake ba shi.

Aka ba ni zane. Mai shi ta sa wa kanta suna Gawayi, kuma da gawayin zane ta yi shi. Mai Fito ce tsaye riƙe da sitiyari, iska na kaɗa mayafinta, ruwa ya yi baƙi a bayanta. Na fara kallonsa daga sama ina saukowa, har na iso hannuwa, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ƙaramin yatsan dama a lanƙwashe yake, ba ya kama sitiyarin tare da 'yan uwansa. A bayan wuyan hannun kuma akwai tabo mai kusurwa uku. Na ɗaga kai daga kwamfutar. Umma na gefena tana tura yadi a ƙarƙashin allura, ga yatsan nan a lanƙwashe, ga tabon da dutsen guga ya yi mata tun ina goye.

Mutum ɗaya ne a duniya zai zana hannun Umma haka, wato Yaya.

Yaya ta girme ni sosai. A kantin magani take aiki, tana dawowa da ƙamshin wurin a jikin farar rigarta, kuma duk shirun da nake da shi ita ta cinye rabona na surutu. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, Tabarau take ce mini. Ita ta fara ba ni littattafan Mai Fito. Abin da mutane ba su sani ba shi ne tana zane a da. Tana sakandare wani malami ya ɗaga zanenta a gaban aji ya tambaya ko akuya ce ko kujera, aji ya fashe da dariya. Ta dawo gida tana dariyar ita ma, ta ba mu labari har Umma ta yi dariya. Amma daga ranar ban sake ganin fensir a hannunta ba sai in za ta yi lissafi. Ina ƙarama, amma na lura. Ashe ta koma, a ɓoye, ba ta gaya wa kowa ba.

Sai na rubuta abin da duk ƙanwa mai hankali za ta rubuta. Na ce zanen ya burge ni ƙwarai, ruwan kamar zai jiƙa mutum, Allah ya ƙara basira. Na aika.

Kafin in gama shan shayi Mai Gadi ya dawo mini da shi. Ya ce, “Baƙuwa, wannan gaisuwa ce, mun amsa, lafiya lau. Yanzu kuma ina idonki ya tsaya?”

Gaskiyar ita ce idona ya tsaya, kuma na san wurin tun kallon farko. Fuskar ce. Sumul take, babu layi ko ɗaya, ido manya, ita ce dai fuskar da ke bangon littafin. Hannuwan na mace ce da ta yi aiki har ƙashinta ya canja, fuskar kuwa ta wadda ba ta taɓa shiga rana ba. Kamar mutum biyu aka haɗa a wuya.

Kwanaki ina juya maganar. A mota in za ni makaranta ina juya ta, a ɗakin karatu in buɗe littafi in ga ban wuce layin farko ba. Na yi tunanin in roƙi Mai Gadi ya canja mini wani aikin. Amma zanen ya daɗe yana jira ba wanda ya taɓa shi, in na bar shi wani za a ba, wanda bai san labarin akuya da kujera ba. Na yi tunanin in nemi ƙaramin abu in faɗa, in ce inuwar mayafin ta yi yawa. Sai na ga wannan ma raini ne, irin wanda ake yi wa yaro in ya kawo zane a ce masa sannu da ƙoƙari. Yaya ba ta ɗauki zanenta ta kai wa baƙi don a ce mata sannu ba. Da sannu take so da mu ta nuna wa.

Abin da na rubuta a ƙarshe gajere ne. Na ce, “Idona ya tsaya a fuska. Hannuwan nan na yarda da su, na san akwai wadda kika kalla kika zana su. Fuskar kuwa aro ce daga bangon littafi. Ina so in ga fuskar mai waɗannan hannuwan.” Na karanta shi har na haddace, na cire “ki yi haƙuri” daga farkonsa, na mayar, na sake cirewa. Na aika, na rufe kwamfutar kamar wani abu zai fito daga ciki.

Da yamma Yaya ta dawo. Ta ajiye jaka da ƙarfi, ta buɗe firij ta tsaya tana kallon ciki ba ta ɗauki komai ba.

Umma ta ce, “In sanyi kike so ki shiga ciki gaba ɗaya mu rufe ki. Me ya faru? Mai kantin ne?”

“Ba shi ba ne. Mutane ne dai ba su da kunya, Umma. Mutum bai san ka ba, bai san wahalar da ka sha ba, ya buɗe baki ya yaɓa maka magana.”

“Wa ya yaɓa miki?”

“Wata ce a waya. Bar ta kawai.” Ta juyo ta gan ni. “Ke kuma Tabarau, me kike kallona kamar na ci miki littafi?”

Na ce ba komai. Na sunkuyar da kai a kan littafin da ban ma san ko a juye yake ba.

Washegari na shiga dandali na tarar Gawayi ta cire zanen. Wurin da yake fili ne kawai. A ƙasa kuma ga saƙon Mai Gadi yana cewa na cika ƙa'ida, yanzu zan iya ajiye nawa labarin. Ban ajiye ba. Me zan yi da ƙofar da aka buɗe mini, in da hannuna na rufe wa Yaya tata? Na riƙa tuna malamin nan. Wataƙila shi ma yana ganin gaskiya ya faɗa. Na yi ta neman abin da ya raba ni da shi, abin da na samu kawai shi ne ni na kalli zanen da kyau kafin in yi magana. Ban san ko wannan ya isa ba.

A kwanakin nan na zama mai gadin kwandon shara. Kullum sai na leƙa ko zan ga yagaggiyar takarda ko karyayyen gawayi. Yaya kuwa ta rage surutu, har Umma ta taɓa goshinta ta ji ko zazzaɓi ne.

Yau ranar hutunta ce. Da hantsi ta fito daga ɗaki riƙe da wani allo da faffaɗar takarda da ƙaramin gwangwani, ta ja kujerar Umma zuwa bakin taga.

“Umma, zo ki zauna nan.”

“In zauna in yi me? Rigar mutane nake ɗinki.”

“Rigar ba za ta gudu ba. Zauna ki kalli waje. Zana ki zan yi.”

Umma ta cire ƙafa daga keke ta dube ta. Ta dubi gwangwanin, ta dubi yatsun Yaya da suka riga suka yi baƙi. Na ga ta gane, na kuma ga ta yanke shawarar ba za ta yi maganar ba. Sai ta ce, “To bari in wanke fuska in shafa hoda.”

“Kar ki shafa komai! Yadda kike ɗin nan nake so.”

“Da wannan tattarar fatar? 'Yar nan, so kike a ce mahaifiyarki busasshen lemo ce?”

“Tattarar nake nema. Ɗaga haɓa kaɗan. Ba haka ba, Umma, ba hoton fasfo ba ne. Yi kamar kin hango wanda ya kawo ɗinki yana cewa gobe yake so.”

Umma ta haɗe rai nan take, Yaya ta ce, “Yauwa! Tsaya a haka.” Gawayi ya fara ƙara a kan takarda. Ni ina bakin kwamfuta, ina satar kallonsu.

Can Yaya ta ce, ba ta ɗago ba, “Wata mai shegen baki ce ta ce na iya hannu amma fuska aro na yi.”

Umma ta ce ta gefen baki, don kar fuskarta ta motsa, “Ƙarya ta yi?”

“Ai shi ne abin haushin. Da ƙarya ta yi da na yi barcina lafiya.” Ta goge wani wuri da yatsa. “Fuska tsoro take ba ni. In ka ɓata hannu ba mai kulawa, in ka ɓata fuska kowa ya zama malami. Shi ya sa na kwafa. Na ɗauka ba wanda zai gane.”

“To ki gode mata mana.”

“In gode mata? In na kama ta sai na shaƙe ta tukuna, godiya ta biyo baya. Kuma kin san abin da ya fi ba ni haushi? Matsoraciya ce. An ba ta dama ta saka nata labarin, har yau shiru. Kullum sai na duba. Ta iya ganin na mutane, nata kuma ta zauna a kai kamar kaza. Ta saka mana, ni ma in nuna mata inda nawa idon zai tsaya.” Ta ɗan juyo. “Tabarau, kin ji mutane ko? Ke dai ki yi ta karatunki, kar ki shiga harkar 'yan intanet.”

Na ce to.

Tun lokacin nake wannan rubutun, a nan gefensu, da zare a tsakanin madannai. Umma ta ce wuyanta ya ƙage har sau nawa, an ba ta hutu ta sha ruwa ta dawo. Daga inda nake ina hango takardar. Layin nan da ke tsakanin girar Umma ya fito, idon hagu kuma ya ɗan fi na dama girma, amma wannan ba yau zan faɗa ba, sai in an ba ni shi a ƙa'ida.

Na san akwai wuraren da idonku zai tsaya a labarin nan. Ku faɗa, don haka na zo. Gawayi, ke ma ki faɗa, na san ba za ki raga mini ba, kuma ba na so ki raga.

Wayar Yaya na kan firij, tana yin ƙara duk lokacin da aka saka sabon aiki a dandali, amma yanzu hannunta baƙi ƙirin ne, sai ta wanke kafin ta taɓa. Umma na kallon taga, Yaya na kallon Umma. Takalmana suna bakin ƙofa, jakar littattafaina na ƙarƙashin tebur, ɗakin karatu kuma bai rufe ba tukuna. Zan danna in aika, in ɗauki takalman a hannu, sai na sauka daga bene in saka su.